Kirarin Ƙasar Baba Bature

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, ina zaune a Guangzhou, a wani dogon bene da ke unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa. Sana'ata sarin kaya. In yi sammako in tafi kasuwar Shahe in zaɓi riguna da wandunan yara, a ɗaure su a kai sito, a loda a kwantena zuwa Kano, inda yayana yake da shago. A daminar nan biza ta yi wuya, mutanenmu da yawa sun koma gida, benen ya yi tsit kamar gidan da aka gama biki. Ni da abokin ɗakina muna cikin tsirarun da suka rage.

Abokin ɗakin nawa wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, ya girme ni nesa ba kusa ba. Mahaddaci ne, mai sayen takalman roba da fitilun caji. Yana jin Faransanci, amma Turancin Ingilishi ko na sayen ruwa ba ya ji, saboda haka duk inda muka shiga ni ne bakinsa. Shi kuma yana kirana ɗan Kano, ko ƙanena idan yana cikin nishaɗi.

A ƙarshen barandar hawanmu akwai wani dattijon Bature, dogo, mai jar fuska da furfura fat. Aikinsa duba labulaye da zannuwan gado a masana'antu kafin a tura su Turai. Kullum yana sanye da wata tsohuwar hular hana-salla koriya wadda rana ta cinye launinta. A gabanta an ɗinka 'yar tuta mai launi uku, kore da fari da ruwan lemo, a ƙarƙashinta kuma wani rubutu. Ranar da muka fara haɗuwa a lif, Alhaji ya ƙura wa tutar ido, sai ya washe baki ya zuba masa Faransanci, yana tambayarsa mutanen Abijan, don ya ɗauka tutar ƙasarsu ce. Dattijon ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce da ni in gaya wa abokina ya juya tutar, tasu koren ne yake farawa.

Na ce, "To Baba, kai Baturen Ingila ne?"

Dariyar ta ɗauke, amma bai yi fushi ba. Ya ce, "A'a, ɗana. Maƙwabtanmu ne. Ni mutumin Ayilan ne."

Ni a lokacin, Allah Ya sani, ban bambance ba. Duk wanda Ingilishi ya fito daga bakinsa ba gargada, a wurina ɗan Ingila ne ko ɗan Amurka. Daga ranar dai muka sa masa Baba Bature, ya kuwa karɓi sunan hannu biyu.

A ƙasan benen akwai shagon taliya na wasu Musulmin Sin 'yan arewa maso yamma. Mijin yana can ciki yana jan kwaɓin fulawa yana kaɗa shi har ya zama zare, matar kuma ita ke kula da baƙi. Doguwa ce mai ɗan kwali baƙi, muryarta kamar ta mai shela. Muna ce mata Lawban, wato mai gida, haka ake kiran duk mai shago a can. Tana da talabijin a maƙale a saman firji, kuma tunda aka fara wasannin ba a kashe shi ba. A nan muke cin abinci, a nan Baba Bature ma yake ci, don ya ce cikinsa ya fi yarda da taliyar Musulmi.

Ana gobe za a rufe wasannin, Najeriya ta buga wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa da tsakar rana. Duk ɗan Najeriyar da ya rage a unguwar ya hallara a shagon. Baba Bature ya bar aikinsa ya zo ya zauna a tsakiyarmu. Idan muka miƙe ya miƙe, idan muka riƙe kai ya riƙe. Aka zura mana ƙwallo, muka yi ta fafutuka har aka tashi ba mu rama ba. Mutane suka watse. Baba Bature ne ya sa aka kawo mana shayi, ya dafa kafaɗata ya ce lambar azurfa ma ba a tsintarta a hanya. Sannan, kamar mai jin nauyin magana, ya ce gobe wani yaron ƙasarsu zai yi damben ƙarshe na neman zinare, kuma da ɗan ƙasar Sin zai kara.

Da na fassara wa Alhaji, sai ya ce, "Wanga bawan Allah ya zamna da ku yau. Gobe shi kaɗai za ya zama cikin gari duka. Kunya ce mu bar shi."

Washegari bayan azahar muka sauko. Zafi ya yi zafi, irin na Guangzhou mai jiƙa riga tun kafin ka tsallaka titi. Shagon ya cika maƙil da 'yan Sin: masu dako da kekunansu a ƙofa, 'yan matan shagunan waya, tsofaffi masu mafici. Lawban ta ajiye mana tebur ɗaya a lungu kusa da fanka. Baba Bature yana can tun kafin mu iso, ya cire hularsa ya ɗora a kan tebur, yana murza gefenta da yatsu. Ana ta yin wasu damben kafin a zo kan nasu. Duk sanda ɗan Sin ya fito a allon, shagon ya ɗauka gaba ɗaya, "Jayo! Jayo!" Ma'anarsa a ƙara mai, kamar yadda ake ƙara wa fitila.

Alhaji, wanda a garinsu ba a yin kokawa ba shi a bakin fili, ya ce, "Ɗan Kano, tambaye shi, su mi suke cewa in nasu ya shiga? Ba a zuwa fage babu kirari."

Baba Bature ya turo hular gabana, ya nuna rubutun da ke ƙarƙashin tutar. Zaren ya fara warwarewa, amma ana iya karantawa: Éirinn go Brách. Ya ce in karanta.

Na dube shi da kyau, na karanta yadda malaman firamare suka koya mini baƙi da wasali. Na ce, "Iyirin go barac."

Ya rufe ido kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Sannan ya gyara zama, ya faɗa a hankali. Na farkon ya fito kamar "Eerin", da ja a farkonsa. Na tsakiyan ɗan gajere ne, kusan "ga", ba ya tsayawa a baki. Na ƙarshen kuwa ya buɗe baki ya ja shi, "braa", ya ƙarasa da wani sauti daga can cikin maƙogwaro, kamar iska tana goga bakin tulu.

Na ce, "Baba, wannan ai ba Turanci ba ne."

Ya ce, "Ba Turanci ba ne. Harshenmu ne. Ya riga Turanci zama a tsibirinmu da daɗewa."

Na ajiye cokalina. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai Turawan da Ingilishi ya zo ya tarar da su da nasu harshen ba, kamar yadda ya zo ya tarar da mu. Ya ce yau kusan kowa a ƙasarsu Ingilishi yake yi a gida da kasuwa, nasu ana koyar da shi a makaranta, amma masu tashi da shi tun daga nono sun koma 'yan ƙauyukan bakin teku ta yamma. Shi a irin ƙauyen nan aka haife shi. Kakarsa ta ba shi labarin zamanin uwarta, lokacin da ake rataya wa yaro ɗan itace a wuya, duk sanda ya yi magana da harshen gida a yi tsaga a jikin itacen, da yamma a duba tsagar a yi masa bulala. Ya ce abin da ya fi ciwo, wani lokacin iyayen ne da kansu suke yin tsagar, don suna son ɗansu ya sami abin yi idan ya ƙetare teku.

Na tuna makarantarmu ta kwana, inda duk wanda aka kama yana Hausa a aji sai ya yi noman fili. Mu dariya muke yi wa abin, muna fita ƙofa Hausa ce ke jiranmu ko'ina, har kan bakin malaman. Ban taɓa tunanin akwai inda irin wannan horo ya yi nasara ba.

Na gaya wa Alhaji duka. Ya jinjina kai. Can ya ce, "Ni ba ni hwaɗin abin da ban san ma'anarshi ba. Mi yake nufi?"

Baba Bature ya ce, "Ayilan har abada."

Alhaji ya girgiza kai. "A'a. Gaya mishi ya yi haƙuri. Babu mai dawwama sai Allah. Ƙasa ba ta kai nan ba, ko tawa ko tashi."

Na ji nauyin fassarawa, amma na fassara. Ga mamakina dattijon bai ɓata rai ba, sai ma ya matso da kujerarsa. Ya ce haka ake fassara shi don sauƙi, amma kalmar ƙarshen tsohuwar kalma ce, asalinta ranar hukunci. Abin da kakanninsa suke nufi shi ne Ayilan ta tsaya har ranar da za a tashi kowa a yi masa hisabi.

Alhaji ya sa na maimaita. Ya ɗaga gira, ya dubi Baturen kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe sun san da ranar. To wanga ba shi da laifi, addu'a ce. Ya sake hwaɗi in ji."

Baba Bature ya sake faɗa. Alhaji ya karkata kunne irin yadda yake yi idan ana biya masa karatu. Sai ya buga tebur da tafin hannu. "Kai, ɗan Kano! Ba ka ji ba? Ha mai ruwa ce!" Yana nufin harafin nan na Larabci mai ɗigo a sama, wanda malaman allo suke shan fama da mu a kansa, mu ce ha, su ce daga maƙogwaro. Ya gyara murya, ya faɗi kalmomin daga farko har ƙarshe. Harafin ƙarshen ya fito tas. A farkon kalmar ne ya ɗan saka wasali, ya ce "biraa", don harshen Bahaushe ba ya son baƙi biyu su haɗu ba mai raba su.

Dattijon ya kama hannun Alhaji da hannu biyu. Ya ce jikokinsa da aka haifa a birni ba sa iya fitar da wannan sautin, "k" suke yi, wasu ma su haɗiye shi. Ya ce, "Tambaye shi a ina ya samo shi." Alhaji ya ce a gindin wata bedi, wato dogon yaro, a Maraɗi, da bulala a kansa. Suka yi dariya su biyu, ba wanda ya jira fassarata.

Ni sai da na yi ta maimaitawa. In na gyara ƙarshen, farkon ya kuɓuce. Baba Bature ya ce kada in yi gaggawa, in ja na farko, in tsallake na biyu kamar mai tsallake kwata, in sauka a kan na uku in zauna. Ina cikin haka aka kira damben.

Yaron nasu dogo ne, bahago, ɗan Sin ɗin ma dogo. Tun a zagayen farko maki ya fara hawa a gefen ɗan Sin, shagon kuwa kamar zai tsage. Masu dako suna dukan tebur, Lawban ta bar baƙi tana tsaye da faranti a hannu, mijinta ya leƙo da fulawa har gwiwar hannu. Mu uku a lungu, duk sanda yaron ya kai naushi sai mu ɗaga murya da kirarinmu. Muryar Alhaji ta fi tamu, murya ce da ta saba kiran salla ba lasifika. Mutane suka fara waiwayowa suna kallon baƙaƙe biyu da jan tsoho ɗaya suna ihu da wani harshe da ba wanda ya taɓa ji. Ba wanda ya harare mu. Wani tsoho mai mafici ma ya ɗaga mana babban yatsa, sannan ya juya ya ci gaba da jayonsa.

Yaron ya yi iya yinsa. Akwai naushin da muka rantse ya shiga amma maki bai motsa ba, Baba Bature ya miƙe ya zauna. Aka buga ƙararrawar ƙarshe, alƙali ya ɗaga hannun ɗan Sin. Ihun da aka yi har daga benayen da ke kewaye muna jin sa. Dattijon ya tafa wa wanda ya ci, ya tafa sosai, sannan ya ɗauki hularsa ya riƙe a ƙirji.

Da aka zo ba da lambobi, aka sa taken ƙasar Sin, duk shagon ya miƙe, mu ma muka miƙe. Tutoci suka fara hawa a allon, ja a tsakiya, a gefenta kuma ga mai kore da fari da ruwan lemo tana bin ta a hankali. Na saci kallon Baba Bature. Leɓensa yana motsi, hawaye yana bin kwarin fuskarsa yana ɗiga a kan rigarsa, bai share ba. Da taken ya ƙare, kafin hayaniya ta dawo, ya faɗi kalmomin nan sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Amma shagon ya yi shiru a daidai lokacin, kowa ya ji.

Lawban ta ajiye farantin ta nufo teburinmu. Ta tambaye ni da Sinancin kasuwa, irin wanda nake ɗan tsinta, me tsohon yake cewa tun ɗazu. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su, na ce sunan ƙasarsu ne, yana roƙon ta daɗe. Ta ce, "Kamar jayo?" Na ce kusan haka, amma ya fi shi nisa. Ta juya ta faɗa wa shagon da muryar nan tata. Sannan ta dubi dattijon ta nuna bakinta, alamar ya koya mata.

Ya faɗa, ta maimaita. "Ai-lin go ba-la." Aka fashe da dariya, ita ma ta yi, ta ce a sake. Alhaji ya taso ya nuna mata maƙogwaronsa, ya fitar da harafin shi kaɗai. Sai ga mijinta daga ƙofar kicin ya fitar da shi daidai, ya ce wani abu da Larabci-Larabci, ashe shi ma ya yi karatun Alƙur'ani a garinsu. Daga nan abin ya zama na kowa. Masu dako suka gwada, 'yan matan waya suka gwada suna rufe baki, tsohon mai mafici ya miƙe ya ɗaga kofin shayinsa. Lawban ta ƙirga musu da hannu, suka faɗa baki ɗaya, mutanen da ɗansu ya ci zinare yanzun nan. Kowa da irin tasa karyewar harshen, amma da muryoyin suka haɗu sai kalmomin suka fito a fili, har wanda ke wucewa a titi ya tsaya yana leƙe. 

Baba Bature ya buɗe baki zai yi godiya da Turanci, maganar ta maƙale. Sai kawai ya ci gaba da harshensu. Ba kirarin ba, magana ce doguwa, mai hawa da sauka kamar ruwan da ke gangarowa a kan duwatsu, cike da sautukan maƙogwaro da wasu masu laushi da ban san inda ake fitar da su ba. Yana yi yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Fuskarsa ta sauya, kafaɗunsa suka miƙe, har muryar ba irin wadda muka sani ba ce. Babu mahaluki ɗaya a shagon da ya fahimci kalma guda, kuma babu wanda ya motsa. Talabijin yana ta surutunsa a saman firji ba mai kallonsa. Na ga Alhaji ya sunkuyar da kai ya haɗa hannuwa, yadda yake yi idan ana karatu.

Da ya gama, ya zauna kamar wanda ya sauke kaya. Lawban ta kawo masa taliya da nama a sama fiye da ƙa'ida, ta ce ya ci. Sai da ya ci rabi na tambaye shi abin da ya faɗa. Ya ce albarka ce irin wadda tsofaffin ƙauyensu suke sa wa gidan da ya karɓi baƙo, a roƙa wa masu gidan lafiya, da wutar murhunsu, da matattunsu. Ya ce tun rasuwar yayarsa bai yi magana mai tsawo haka da harshen ba, don ita ce ta ƙarshe da suke yi da ita a waya. Ya ɗauka ma ya manta.

Alhaji ya ce, "Gaya mishi ba a manta nono."

Bayan kamar mako guda azumi ya kama. Baba Bature ya lura ba ma saukowa cin rana, ya tambaya, muka yi masa bayani. Wata yamma ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da ledar lemo da ayaba, ya zauna a kan tabarma da ƙyar yana naɗe dogayen ƙafafunsa, ya jira har aka sha ruwa tare da shi. Alhaji ya dama fura da garin da ya taho da shi daga gida, dattijon ya sha ya ƙara. A nan ya gaya mana ya rubuta wa masu kamfaninsu cewa zai ajiye aiki idan an gama baje kolin kasuwanci na Pazhou da ake yi a garin da kaka. Zai koma ƙauyen nan na bakin teku. Akwai ɗakin dutse na mahaifinsa da rufinsa ya faɗa, yana so ya gyara, kuma an ce har yanzu akwai tsofaffin da ke zama a bakin mashigar jiragen kamun kifi suna hira da harshen. Ya ce yana so ya je tun da sauran wanda zai amsa masa.

Haka kuwa aka yi. Ranar tafiyarsa da safe ni na sauko masa da akwati ɗaya, mijin Lawban ya ɗauki ɗayan. Alhaji ya riƙe ƙofar tasi ya yi masa addu'ar tafiya da Hausa, doguwa, har direban ya fara danna ham. Dattijon ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya ce amin yadda ya ji muna cewa. Motar ta shiga cikin cunkoso ta hau gada. Mu kuma muka tsaya a bakin shagon har Lawban ta ce mu shigo ko mu matsa, muna tare mata ƙofa.